Kwalejin Ƙarƙashin Matakala

Auta, yau wata huɗu da kwana tara ba kya nan, kuma har yanzu in abin dariya ya faru sai in waiga hagu, wajen kujerar da kike zama a shagona kina jira in gama gyaran wayoyin mutane mu hau sama tare. In waiga in tarar da kwalin matattun batura a kanta. To yau dai ki yi haƙuri ki saurare ni, don abin da yayanki ya aikata a watan jiya ya fi ƙarfin cikina ni kaɗai.

Kin san sana'arsa. Shekara goma sha bakwai yana kwangilar ajiye wa ofisoshi bayanansu. Duk Alhamis ya shiga ɗakin babbar kwamfuta, ya zare kaset ɗin makon jiya, ya zura sabo, kwamfuta ta kwafe ayyukan ofis a ciki, don ko wata rana abu ya ɓace a dawo da shi. Aikin minti uku ne. Amma Yaya sai ya sa kwat, ya sa farar safar hannu, ya ɗaure ɗan akwatin ƙarfe a wuyan hannunsa da sarƙa, kai ka ce zuciyar wani ya ɗauko za a dasa. Da can ofis goma sha huɗu gare shi. Ɗaya bayan ɗaya suka koma ajiya ta intanet, har ya rage masa guda, kamfanin jigilar kayan nan mai manyan motoci. Ke kaɗai kike iya ce masa, "Yaya, rage iska, za ka fashe mana a falo," ya yi dariya ya rage. Tun da kika tafi kullum ƙara kumbura yake.

Farkon wata Anti, matarsa, ta sauko shagona da takarda a hannu, ta ce a aljihun kwat ɗinsa ta tsinta. Fom ne daga kamfanin. Ƙarshen wata za su daina aiki da kaset. Amma saboda daɗewarsa sun kama masa kujera ɗaya a kwas na mako goma sha biyu, su za su ɗauki nauyi, in ya gama su ɗauke shi cikakken ma'aikaci. Hannu kawai zai sa kafin wata ya ƙare. Ta ja ni sama in taya ta magana.

Ta ce, "Baban yara, ka sa hannu mana."

Ya ɗaga hannun yana juya shi a haske. "Wannan hannun? Hannun da ya taɓa kwamfuta tun tana da girman firji? Kin san wa zai koyar? Wata yarinya ce. Ranar da na fara aiki tana goye."

"To ta sauko daga goyon, ga ta da aikinta. Kai fa? Yara huɗu ne a gidan nan."

"Ni ba a koya mini. Ni nake koyarwa."

Nan take ya zayyana mana shirinsa. Ya ce garin nan cike yake da 'yan kwangila irinsa da zamani ya tsallake. Zai buɗe musu kwaleji ya sabunta su, labari ya kai kunnen kamfani, su zo da kansu su roƙe shi ya zama shugaban horarwa. Na ce, "Yaya, kai ka iya sabon tsarin?" Ya ce, "Ɗan gyaran waya, wanda ya iya tuƙa tirela ba a tambayarsa ko ya iya keke."

Kwalejin ita ce ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin matakala inda mai gida yake tara bokitan fenti. Ya buga ƙyalle mai ɗauke da BABBAR KWALEJIN SABUNTA ƘWARARRU TA ƘASA DA ƘASA. Ƙyallen ya fi bangon tsawo, ya sha kwana ya rufe rabin ƙofar mai aski, har masu zuwa aski suka riƙa sunkuyawa. Ɗalibai uku ya samo. Akwai Mai Fakis, wani siririn dattijo da ya shekara ashirin yana gyaran injin fakis, mai aika takarda ta layin tarho, har ya wayi gari babu sauran mai fakis. Akwai Mai Layi, ƙato, mai ja wa ofisoshi wayar tarho, wanda ko a zaune sai ya karkata kai don kada ya bugi siminti. Sai Madam Faifai, wadda a da take kwafe wa kamfanoni takardu a faifai. Ni ne na huɗu, don majigin nawa ne kuma ba na yarda ya kwana a hannun Yaya.

Ranar farko majigi ya haska rubutu ƙafa a sama. Na miƙe in gyara, ya ce in zauna, wannan babban aiki ne. Ya danna nan, ya danna can, rubutun ya koma kore, amma har yanzu a kife. Sai ya gyara tsayuwa ya ce haka manyan kamfanoni suke horar da mutanensu yanzu, yana buɗe ƙwaƙwalwa. Awa guda muka yi kawunanmu a karkace, shi kuma yana karanto wasu takardu da ya bugo daga intanet, yana tsallake duk kalmar da ta fi ƙarfinsa da tari.

Mai Fakis ya ɗaga hannu. "Malam, in an ajiye bayanan a intanet, takamaimai a ina suke zaune?"

"Wannan tambayar zango na biyu ce."

"Akwai zango na biyu?"

"Ga wanda ya rage tambaya."

Ya yi zumbur ya miƙe don ya jaddada maganar, ƙasan matakala ya karɓi ƙeyarsa, ƙwas. Madam Faifai ta rubuta wani abu a littafinta. Na leƙa, tana lissafin sau nawa ya bugu ne. Kafin a tashi ta kai shida.

Rana ta uku darasin tsaro. Ya ce kalmar sirrin intanet ɗin gidanmu, wadda duk shagunan ƙasa suke amfani da ita, ko akuya za ta iya cankarta. Ya sauya ta a gabanmu, ya zuba haruffa talatin da lambobi da alamomi, yana dannawa yana kallon rufi. Madam Faifai ta ce ya rubuta a takarda. Ya ce ƙwararre ba ya rubuta sirri, a nan yake ajiyewa, ya ƙwanƙwasa goshinsa. Minti biyar bayan haka goshin ya ƙi buɗewa.

Tela ce ta fara zuwa, tef ɗin awo a wuyanta. "Wa ya kashe intanet? Ana turo mini hoton ɗinki!"

Sai mai aski, da reza a hannu, da wani mutum a bayansa an aske masa rabin kai, ƙwallon da suke kallo ta tsaya cak ana shirin bugun fenariti. Sai mai kemis tana cewa injin katinta ya mutu, mutane na tsaye da magani a hannu.

Yaya ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. A yanzu haka babu ɓarawon da zai iya shiga intanet ɗin nan a duk duniya."

Mai aski ya ce, "Mu ma ai ɓarayin ne ke nan."

"Tsaro yana da tsada."

Tela ta ce, "Kai ne mai tsadar. Ƙanwarka ce take rage mana tsadarka, Allah ya ji ƙanta."

Ambatonki ya ratsa ɗakin, Auta, yadda sunanki yake yi yanzu a gidan nan, kamar an buɗe taga iska ta shigo ta fita. Na ari allurar Tela, na zura a ɗan ramin bayan akwatin intanet, ya koma yadda yake da. Yaya ya duba agogo ya ce, "Minti arba'in da biyu. Atisaye ne. Kun faɗi gaba ɗayanku."

Mako na biyu aka shiga abin da ya kira hawa matakalar sana'a. Ya ce duk matsalarmu suna ce. Ya sake wa kowa takardar neman aiki. Mai Fakis ya zama Daraktan Sufurin Takardu. Madam Faifai ta zama Shugabar Adana Tarihi Mai Zagaye. Mai Layi ya zama Babban Masanin Gine-ginen Sadarwa, kuma abin mamaki wani kamfani ya kira shi ganawa. Ya ari taye ya tafi. Kafin azahar ya dawo, ya jefa wa Yaya tayen a fuska.

"Tambaya ɗaya suka yi mini."

"Ka ce me?"

"Abin da kake cewa. Na ce wannan ta zango na biyu ce."

"Suka ce?"

"Suka ce in dawo zango na biyu."

Duk wannan kwanakin, kowace safiya Anti sai ta ajiye masa fom ɗin nan da biro a gefen kofin shayinsa. Shi kuma sai ya ɗora kofin a kai. Da wata ya zo ƙarewa fom ɗin ya yi zobba ruwan ƙasa sun kai ashirin, wurin sa hannu ne kawai fari fat.

Ranar ƙarshen wata Manajar kamfanin ta kira shi ya zo ya miƙa aiki ga injiniyar sabon tsari. Yaya ya sanar da mu cewa bikin yaye ɗalibai ne, kuma a can za a yi, don kamfani ya ga abin da zai rasa. Ya ɗora wa Mai Layi kwali uku na kaset, ajiyar shekara da shekaru, kowanne da kwanan wata da kyakkyawan rubutunsa. Mai aski da Tela suka rufe shago suka biyo mu, suka ce kallon kyauta ba ya wuce su. Anti ta biyo baya da fom da biro a jaka.

Ofishin dogon ɗaki ne, tebur shida, babbar kwamfuta a kusurwa tana gurnani. Ta taga ana hango manyan motoci goma a jere, an yi musu lodi, direbobi na jiran a buga musu takardun kaya su kama hanya. Manaja ta ɗago ta gan mu mu takwas.

"Yallaɓai, miƙa aiki na ce. Su waɗannan fa?"

"Shaidu ne, ranki ya daɗe."

Injiniyar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, da jaka a baya. Ta gaishe shi da ladabi. Ya amsa mata da hanci. Ya sa safar hannunsa, ya yi jawabin minti ashirin a kan yadda kaset bai taɓa cin amanar kowa ba. Sannan ya zagaya sarƙar hannunsa a ƙafar teburin ƙarfe, ya datse kwaɗo, ya miƙa wa Manaja makulli.

"Yanzu zan goge takardun kayanku na shekarar nan kaf, in dawo da su daga kaset cikin minti goma. Kada ki buɗe ni sai na dawo da su."

Manaja ta miƙe. "A'a, yallaɓai, ba sai—"

Injiniya ta ce, "Baba, an taɓa gwada dawo da wani abu daga kaset ɗin nan?"

"Gwaji na masu shakka ne, 'yata."

Ya danna. Ya bi su har kwandon sharar kwamfutar ya sake dannawa. Sakatariya, wadda take tsakiyar buga takardar mota ta farko, ta ga allonta ya yi fari, ta ce, "Wayyo."

Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗauko kaset ɗin makon jiya da yatsa biyu, ya nuna wa jama'a dama da hagu, ya zura. Injin ya yi ƙugi, ya yi tunani, ya rubuto cewa babu komai a ciki.

"Ƙura ce," in ji Yaya. Ya hura, ya mayar. Babu komai.

Ya karɓi na makon da ya wuce. Babu komai. Na watan jiya. Na bara. Mai Layi yana miƙowa, Yaya yana zurawa, injin yana tofowa, kaset suka taru a ƙasa kamar ɓawo. A waje mota ɗaya ta danna oda, sauran suka amsa mata. Shugaban direbobi ya shigo, wani gajere mai faɗin ƙirji, ya ce akwai mota biyu masu ɗauke da kayan sanyi, in rana ta ƙara ɗagawa shi ba ruwansa.

Yaya ya ce, "Minti biyu, direba. Ana aikin ilimi."

"Wane ne wannan da aka ɗaure?"

Mai aski ya ce, "Shi ya ɗaure kansa."

"To ya kyauta, ya rage mini aiki."

Injiniya ta durƙusa ta ɗauki kaset ɗaya, ta juya gefensa. Ta ɗauki wani. Ta ɗauki na uku.

"Baba, wannan ɗan makullin na gefe, yaushe kake tura shi?"

Ya gyara kwat, murya ta dawo masa. "Yauwa, kin fara tambayar ilimi. Kafin in zura. Shekara tara ke nan, tun da na halarci wani taron tsaro. In ka kulle shi, babu mahaluƙin da zai iya rubuta komai a ciki."

"Haka ne. Bayan an gama kwafa ake kulle shi. In ka kulle tun farko, ita ma kwamfutar ba ta iya rubutawa."

Ya dubi tarin kaset ɗin da ke ƙasa.

Ta ce, "Amma ai injin zai yi ƙorafi. Akwai jar fitila a nan wajen."

Sakatariya ta ce, "Ya liƙe ta da baƙin salatif tun ina sabuwar zuwa. Ya ce tana ɗauke masa hankali."

Injiniya ta sa farce ta ɓare salatif ɗin. Ga 'yar fitilar nan, Auta, ja wur, tana ƙiftawa a hankali, shekara tara tana kira a cikin duhu babu mai amsa mata. Wallahi sai da na ji tausayinta fiye da kowa a ɗakin.

Mai aski ya ce, "Wato shekara tara kana yawo da fanko a akwati, har da sarƙa?"

Tela ta ce, "Ni ko aljihu na ɗinka sai na zura hannu na ji ko ya huje."

Madam Faifai ta rufe littafinta ta ce ita dai a ba ta satifiket ɗinta ta tafi, tana son ta nuna wa jikokinta.

Shugaban direbobi ya fara naɗe hannun riga. Yaya ya ja baya, sarƙa ta ce ina, ya dawo. Injiniya ce ta cece shi. Ta buɗe kwamfutarta ta ce tun ranar Litinin ta kwafe komai zuwa sabon tsari, ta kuma gwada dawo da shi sau biyu. Cikin minti huɗu takardu suka dawo, ban da na safiyar ranar, waɗanda Sakatariya za ta sake bugawa ɗaya bayan ɗaya. Kallon da ta yi wa Yaya, da kallo yana yanka da sai an kwashe shi a faranti.

Ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, makullin."

Manaja ta ce, "Cewa ka yi kada in buɗe sai ka dawo da su. Ba kai ka dawo da su ba. Bari motoci su tashi tukuna."

Nan Anti ta ratsa mutane, ta shimfiɗa fom ɗin nan mai zobban shayi a gabansa. "Sa hannu. Da wanda ba a ɗaure ba. Yanzu."

Kuma ya miƙa hannun, Auta, na gani da idona. Amma Manaja ta riga shi, ta zare takardar a hankali.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Wata guda kujerar nan tana jiransa. Bayan abin da na gani yau ba zan iya ba shi amanar ko da na'urar buga takarda ba. Litinin za a fara kwas, kujera kuma ba za ta tafi a banza ba."

Sai ga siririn hannu ya ɗago daga baya. Mai Fakis ne. "Ranki ya daɗe, ni ban iya komai ba. Amma na san ban iya ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kana da biro?"

Ba shi da shi. Na Anti ya ara.

Yaya ya bi takardar da kallo har aka soke sunansa aka rubuta na wani. Na ɗauka a nan zai rushe. Sai ya ɗaga hannun da ke ɗaure, sarƙa na kaɗawa, ya ce da ƙarfi, "Ku shaida! Ɗalibina ne! Mako huɗu kacal, kwalejina ta fara sama wa mutane aiki!"

Anti ta ce, "Saura mai kwalejin." Ta karɓi bironta ta fita. Sai da mota ta goma ta tashi aka kwance shi.

Mai gida ya mayar da bokitan fentinsa. Mai aski ya yanke ƙyallen yana yafa wa masu zuwa aski, yanzu duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ka ga ƘWARARRU a ƙirjinsa. Anti ta koma aikin yini a wani kanti, magana tsakaninta da Yaya ba ta wuce ta yara. Shi kuwa duk la'asar sai ya sa kwat ya fita, ya ce manyan kamfanoni ne suke neman shawararsa, ba zai iya faɗin sunansu ba saboda tsaro.

Jiya na kai wa wata mata wayarta da na gyara, can ɗaya gefen gari. Tana koyar da kwamfuta a wani ɗan aji a saman shagon takalma, irin ajin da masu sayar da kaya da 'yan fansho suke zuwa. Ƙofa a buɗe take. Na leƙa in yi mata alama, sai na hango kwat a layin ƙarshe, jikin bango, an ja hula har gira. Ya ɗaga hannu, rabi-rabi, kamar mai tsoron a gani.

"Malama, in mutum ya yi ajiya, yaya ake gwada ta a tabbatar tana nan?"

Ta yi masa bayani, mataki huɗu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai. Gwada ki nake yi." Sannan ya sunkuya ya rubuta, harshensa a gefen baki, ya ɗago ya ce ta maimaita na ukun.

Na bar wayar a wajen mai takalma na sauko a kan yatsun ƙafa. A tsakiyar matakala dariya ta kama ni har sai da na zauna, na yi ta yi ni kaɗai har ta juye ta zama wani abu, mai takalma ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Anti tana can tana zaton yawon banza yake zuwa. Mai aski zai iya ba ni askin shekara kyauta a kan wannan labari. Ban gaya wa kowa ba tukuna.